Abin Da Akwatin Zai Manta Ranar Asabar

Ku gyara zama, masu karatu, yau ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Da yawanku kun rubuto kuna cewa na yi dacen miji, wata har tana roƙon in taya ta addu'a Allah ya ba ta irinsa. 'Yar'uwa, dakata da addu'ar nan tukuna. Ki karanta zuwa ƙarshe, in har yanzu kina so sai mu ɗaga hannu tare.

Ga wanda yau ya fara shigowa: shekaruna ashirin da tara, ni ce babba a ɗakinmu, ƙannena mata biyu duk suna gidajen mazajensu. A gida Injiniya ake kirana, kuma ba yabo ba ne. Gwaggo, ƙanwar Abba, ita ta laƙaba min. Duk sanda ta faɗa sai ta ja ƙarshen sunan, kamar mai karanta sunan cuta a takardar asibiti.

Aikin nawa ba wani abin tsoro ba ne. Kamfaninmu yana liƙa ƙananan na'urori a ɗakunan ajiya, kowace ba ta wuce kwalin ashana ba. Suna jin zafi da sanyi, suna jin an buɗe ƙofa ko an rufe, suna jin wuta ta ɗauke ko ta dawo. Duk bayan daƙiƙa goma kowace sai ta faɗi abin da ta ji. Da za a kwashi wannan surutun gaba ɗaya a tura babbar kwamfutar da ke can wata uwa duniya, da layi ya cushe, ga intanet ɗin ma ya iya ɗaukewa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Shi ya sa muke kafa akwati guda a bango, nan cikin ginin, dab da na'urorin. Shi ke saurarensu, ya tace, ya yanke hukunci nan take. Abin da ya ga ya kai a ji, ya aika wa mai kaya ta waya. Sauran ya riƙe a cikinsa kwana goma sha huɗu, kowace safiya ya goge rana mafi tsufa don sabuwa ta sami wuri. Mai son ganin abin da ya riƙe, sai ya zo da ƙafarsa ya jona kwamfuta. Ku riƙe wannan lissafin da kyau.

Ranar da na yi wa Umma wannan bayanin tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wato duk gulmar gidan a kunnensa take ƙarewa, shi kuma ya zaɓi wadda zai kai wa maigida?"

"Kusan haka ne, Umma."

"To ai aikina kuka ɗura a ƙarfe. Shekara talatin ina yi wa Abbanku, ba wanda ya taɓa ce min injiniya."

A ɗakin sanyi na wani kamfanin rarraba magunguna na haɗu da mutumin da kuke taya ni murna a kansa. Allurai ne a ciki, irin waɗanda in suka daɗe sama da digiri takwas sun tashi daga magani sun koma ruwa a kwalba. Kamfanin na yayansa ne, wanda ke zaune a wani gari mai nisa yana kallon komai ta waya. Shi ƙanen shi ne manaja, kuma Manaja kowa ke kiransa, har ni. Dogo ne, farar riga kullum a goge kamar ba ya zama, agogo mai baƙin maɗauri, ga turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Ni kuwa a kan tsani ya same ni, cikin rigar aiki mai aljihu shida, na cusa mayafi a wuya, sukundireba a bakina.

"Baiwar Allah, a hankali," ya ce. "In kika faɗo, ba mu da allurar karaya a nan."

Na cire sukundireban. "To ka riƙe tsanin mana, tunda baki kawai ke aiki."

Ya riƙe. Sauran kun san yadda ake yi.

Ya fara zuwa ofishinmu ƙarfe biyu, lokacin hutun cin abinci. Saƙo ya shigo: "Injiniyata, ina ƙofa." In shafa hoda a gurguje a madubin bayan gida, in canza takalmin aiki da mai tsini da na fara ɓoyewa a ƙasan tebur, mu tsallaka gidan abincin da ke kallon ofis. Amma ba ma kai rabin faranti sai wayarsa ta ɗauki ƙara. Daga inda nake ina jiyo muryar.

"Me ke faruwa a ɗakin nan? Akwati ya ce tara! Kana ina?"

"Ina harabar, Yaya, yanzu zan duba."

Ya kashe min ido, ya suri makullansa, ya figi mota. Da kunnena na ji ƙaryar, na kuma yi dariya, wai ni ina ganin wayo. Ki rubuta wannan ki ajiye, 'yar'uwa. Namijin da ya yi wa yayansa ƙarya a gabanki ba burge ki yake yi ba, kayan aikinsa yake nuna miki.

Wata Litinin saƙonsa ya shigo, har yanzu yana cikin wayata:

"Injiniyata, akwatin nan naki ya fi Gwaggonki kai ƙara. Masu lodi su buɗe ƙofa minti biyar, ya kira Yaya. Don Allah ki rage masa baki, in samu in ci abinci da ke kamar mutum."

Dokar kamfaninmu a rubuce take: ba a taɓa iyakar ƙararrawa sai da sa hannun mai kaya. Ni nake koya wa sababbin ma'aikata wannan dokar, da bakin nan nawa. Amma an ce min Injiniyata, an haɗa da jan fure guda biyu a ƙarshen saƙo. Washegari na je na jona kwamfutata. Na hana akwatin kai rahoton kowane tashin zafi. Na ce ya riƙa haɗa awa ashirin da huɗu ya raba, ya aika lamba ɗaya tak, matsakaicin yini. In ta haura takwas ya yi ihu, in ba ta haura ba ya nuna kore. Minti huɗu aikin ya ɗauke ni. Na fito ina jin kaina kamar wadda ta raba faɗa.

Sati biyar muka yi cikin kwanciyar hankali. Waya ta daina ƙara. Manaja ya zauna daga biyu har huɗu saura, ya ci, ya sha shayi, ya ba ni labarin gidan da zai kama mana mai taga biyu a falo. Ogata a ofis ta fara duba agogo in na dawo, na fara ce mata layi ne a gidan abinci. Kun ga ni ma na fara koyon sana'ar.

A gida kuwa sai son barka. Umma ta ce, "Yaron nan yana da natsuwa. Namijin da zai ba ki awa biyu a tsakiyar ranar aiki, ai ba ƙaramin mutum ba ne." Gwaggo ta ce, "Ikon Allah, ashe ƙarfe ma yana kawo miji. Da na sani da tuni na saya wa tawa 'yar tsani." Aka tsayar da magana: ranar Asabar manyansa za su zo ganin Abba, yayan nan nasa shi zai jagorance su.

Saura sati biyu Asabar ɗin, sai ya daina zuwa ƙarfe biyu. "Aiki ya yi yawa, Injiniyata." Na ce a raina, ka ga mai shirin ɗaukar iyali, ya fara kama kansa.

Ranar Laraba, saura kwana uku, na je duba akwatin kamar yadda nake yi kowane wata. A bakin ƙofa na tarar da Baba Direba a kan benci. Shi ke jan motar da ke kai allurai asibitoci, tun zamanin mahaifinsu Manaja, shekara goma sha tara. Kullum na zo yana tsaye yana goge gilashi ko yana faɗa da masu lodi. Ranar yana zaune, hannu biyu a kan gwiwa.

"Amaryarmu," ya ce, "an zo gaida akwati?"

"An zo, Baba. Yau babu fita ne?"

"An ce na dafa allurai a hanya."

Na ajiye jakata. Ya yi min bayani a hankali, kamar labarin wani yake bayarwa. Sati biyu da suka wuce wani asibiti ya dawo da kwalaye, sun ce ɗan tambarin da ke jikin kwalaben ya sauya launi, alamar zafi ya taɓa su. Babban yaya ya duba wayarsa, ya ga ɗakin sanyi kore shar wata guda cur. Tunda ba a ɗaki ba ne, to a mota ne. An dakatar da shi, an ce ya kawo makulli ranar Juma'a.

"Ni ban san kwamfuta ba, 'yata. Tunda ta ce ɗaki lafiya, to ni ne. Ina ta tunani dai ko a ina na yi sakaci. Ko ruwa ban taɓa tsayawa sha ba da kaya a mota. Amma tsufa ne, wataƙila na yi na manta."

Na ɗauki jakata. Na shige.

Akwatin yana nan a bango inda na kafa shi, fitilarsa tana ƙyaftawa. Na jona kebul, na buɗe abin da ya riƙe. Kwana goma sha ɗaya na baya-bayan nan layi ne a miƙe, digiri huɗu, kamar an ja da rula. Amma kwana ukun da suka fi tsufa kowanne da tozo a tsakiya. Biyu da minti biyar, wuta ta ɗauke. Janareta bai tashi ba. Masu lodi suna ta buɗe ƙofa suna rufewa. Goma, sha uku, sha shida, sha bakwai. Huɗu da minti goma, janareta ya tashi.

Na ciro wayata. Na koma saƙonnin waɗannan ranaku. Biyu da minti goma sha biyu: "Injiniyata, ina ƙofa." Huɗu da minti takwas: "Na iso lafiya, har na fara kewarki." Kowace rana haka. Sai na tuna wani ɗan makulli mai ruwan ɗorawa a kai, a cikin zoben makullan motarsa. Sau nawa na yi wasa da shi a kan teburin gidan abinci! Na taɓa tambayarsa, ya ce na ɗakin janareta ne, bai yarda ya bar wa kowa ba, ba ya son sakaci.

Lissafin kuwa ko ɗan firamare zai yi. Awa ashirin da biyu a digiri huɗu, awa biyu a sha shida, a haɗa a raba: biyar. Kore. Akwatin bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Abin da na ce ya faɗa shi ya faɗa.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Maɓallin kwafa yana nan a gabana, danna ɗaya ne. Ban danna ba. Na san in na kwafa ya zama kaya a hannuna, dole in kai shi wani wuri. Sai na mayar da ƙararrawar yadda take a da, shiru-shiru, na zare kebul, na ce wa zuciyata ai na gyara.

Na same shi a ofishinsa yana cin gyaɗa, ya cire takalmi ɗaya.

"Ka san ɗakin nan yana kai sha bakwai?"

Bai ce "wane ɗaki" ba. Bai ce "yaushe" ba. Ya karkaɗe hannu, ya tashi ya tura ƙofa.

"Kwana nawa suka rage a cikin akwatin?"

Na ce, "Uku."

"Gobe biyu. Jibi ɗaya. Asabar babu." Ya yi murmushi. "Ke kika koya min, ranar da kika zana min a bayan takardar gidan abinci. Kin ga ina saurarenki."

"Wato ka sani."

"Na gane daga baya, na kuma daina fita. Ba ki ga na daina ba? Injiniyata, ban ce ki yi ƙarya ba. Ban ce ki goge komai ba. Akwatin da kansa zai yi aikinsa. Ke dai haƙuri za ki yi na kwana uku."

"Baba fa?"

"Baba ya tsufa, dama hutu ya kamace shi. Zan riƙa leƙa shi."

"Sauran alluran da ke ciki?"

"Ba duka suka taɓu ba."

"Ka gwada?"

Ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya murza, bai ci ba. Sannan ya sassauta murya, irin muryar da yake min sallama da ita a waya.

"Ki yi tunani. Wa ya taɓa akwatin ba da sa hannun Yaya ba? In na faɗi, ba ni kaɗai zan faɗi ba. Ni ɗan'uwansa ne, zai yi faɗa ya huce. Ke fa? Wa zai sake ba ki tsani ki hau? Kare ki nake yi."

Kun ji. Kare ni yake yi. Har na kusa cewa na gode.

Alhamis ban je aiki ba, na ce kaina ke ciwo. Gidanmu ya koma kamar wurin gini. An sauya wa kujerun falo riga, ruwan zuma mai ratsin fari. An rataya sababbin labule, har yanzu da layin ninki a jikinsu. Abba da kansa ya hau kujera yana canza ƙwan fitila, yana faɗa wa kowa ya matsa. Gwaggo ta iso tun safe da ledar tela, ta zazzage a kan gadona: doguwar riga ruwan hoda mai duwatsu a wuya da bakin hannu, da mayafi marar nauyi.

"Sa mu gani, Injiniyaa. Kuma don Allah ranar nan ki ɓoye hannuwan nan, duk sun yi kanta kamar na makaniki. In an tambaye ki aikinki ki ce ofis. Kada ki fara musu wa'azin akwati."

Na sa. Rigar ta zauna ɗas. Gwaggo ta zagaya ni sau biyu tana neman aibu, ba ta samu ba, ta ce wuyan ya so ya yi faɗi. Na kalli madubi na ga amarya sak. Abin haushin ke nan, masu karatu: rigar ta yi min kyau ƙwarai.

Da la'asar na sami Umma a kicin tana yanka albasa. Na jingina da firji na faɗa mata komai, tun daga jan fure biyu har zuwa Baba a kan benci. Ba ta katse ni ba.

"Wa ya sani?"

"Ni da shi."

"Sai akwati."

"Shi kuma jibi zai manta."

Ta ci gaba da yanka. "Wannan maganar ba za ta shiga kunnen Abbanki ba. Hawan jininsa bai san soyayya ba."

"Umma, me zan yi?"

"Ni ban ce ki yi ba, ban ce ki bari ba. Na dai san an gaya wa mutane. Na san shekara nawa ina amsa tambayar 'ya babbar, har yanzu shiru?' a gidan kowane biki, ina murmushi kamar ba ciwo." Ta tura albasar gefe da bayan wuƙa. Can ta ce, ba ta kalle ni ba, "Alluran nan, har da na yara?"

"Har da na yara."

Wuƙar ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta goge ido da gefen hannu.

"Albasar bana ta cika yaji," ta ce. "Miƙo min wancan kwanon."

Bayan magariba na rubuta masa: "Ka kira Yaya ka faɗa masa da bakinka kafin ƙarfe tara na safe. Nawa laifin ni zan faɗa da kaina." Alamar ya karanta ta fito nan take. Na zauna riƙe da waya ina kallon "yana rubutu" tana fitowa tana ɓacewa. Ina so ku sani, har a lokacin ina fata. Da ya ce "to", da na yafe masa har abin da bai roƙa ba.

Hoto ne ya shigo. Takalma biyu a kan kafet, baƙi da ruwan ƙasa. A ƙasa ya rubuta: "Wanne zan sa ranar Asabar? Ki huta, Injiniyata, gajiya ce ke damunki."

Juma'a da safe na sa rigar aiki mai aljihu shida. Gwaggo tana shan shayi a falo, a kan kujerar da ta hana kowa zama.

"Yau ma? Gobe baƙi, ke kina shirin hawa bango? Wallahi yarinyar nan ko ranar ɗaurin aurenki sai an sauko da ke daga tsani."

Umma ta fito daga kicin ta miƙo min jakar kwamfutata da na manta a kan firji.  Ban san ko tura ni take yi ko sallama take min ba, har yau ban tambaye ta ba.

Tara saura kwata na isa. Baba Direba yana wanke motar da bokiti da soso, ya naɗe ƙafar wando.

"Baba, ba yau za ka miƙa makulli ba?"

"Shi ya sa. Ba zan ba su ita da ƙura ba, a ce tsohon ko mota bai iya riƙewa ba." Ya matse soson. "Gobe ne ko? Allah ya sa albarka, 'yata. Yaron yana da kirki, a hannuna ya girma. Ni na koya masa tuƙi."

Na shiga na jona kebul. Tozo ɗaya ya rage, a can ƙarshen hagu, rana ta goma sha huɗu. Na zauna a kan kwali ina kallon agogon kwamfuta. Tara saura biyar. Saura biyu. Na duba waya, ba kira, ba saƙo. Tara ta buga, na ƙara masa minti biyar da bai roƙa ba.

Sannan na kwafa.

Na rubuta wasiƙa ɗaya zuwa mutum biyu, ogata da babban yaya. Da kaina na fara: ranar kaza na sauya ƙararrawa ba tare da izini ba, ga abin da na sauya, ga saƙon da ya sa na sauya. Ga abin da ɗakin ya yi a ranar da ta rage. Irinta sun kai sati biyar, biyu daga ciki na gan su da idona ranar Laraba na bar su suka goge. Ba a mota ba ne. A dakatar da duk abin da ke ɗakin, a bi sawun wanda ya fita.

Kada wata ta rubuto ta ce min jaruma. Jaruma ranar Laraba take kwafa. Tsakanin Laraba da Juma'a sau biyu wata motar ta fita da kaya daga ɗakin nan da sabon direba, ni kuma ina gaban madubi ana gyara min wuyan riga. Wannan nawa ne, ba na Manaja ba, ba na akwati ba.

Na danna aika. 

Minti bakwai aka yi. Turaren ya fara shigowa, sannan shi. Farar riga, baƙin takalmi. Ashe ya zaɓa da kansa.

"Injiniyata! Aka ce kin zo, shi ne ko ki..."

Idonsa ya sauka a kan kebul ɗin, ya bi shi daga kwamfutata har bango. Daidai nan wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu. Ya ciro, ya duba, ya dube ni.

"Kin aika."

"Na aika."

"Kin san abin da kika yi wa gobe?"

"Na sani. Ɗauka."

Sai da ta kusa katsewa ya ɗauka. "Yaya, bari in yi maka bayani..."

Ɗakin sanyi ba ya ɓoye murya. Na ji komai.

"Rufe min baki. Ka kulle ɗakin nan, ko kwali ɗaya kada ya sake fita. Ka kira duk asibitin da aka kai wa kaya, kai da kanka, ɗaya bayan ɗaya. Baba yana nan?"

"Yana waje."

"Ka je ka ce masa ya riƙe makullinsa. A tsaye za ka faɗa masa, a gaban masu lodi, yadda ka kore shi. Ita tana nan?"

Manaja ya ce, "Tana nan."

"Miƙa mata."

Ya miƙo wayar ba tare da ya kalle ni ba. Na goge tafin hannuna a jikin rigar aiki, na karɓa, na yi sallama. Muryar ba ta yi kama da mai ihun da na saba jiyowa daga nesa ba. A kwance take, kuma ta fi ban tsoro a haka.

"Ke ce wadda aka ce in shirya in zo gidanku gobe?"

"Ni ce."

"Kin san ogarki za ta iya sallamarki a kan wannan takardar?"

"Na sani."

 Ina jiyo ƙarar hanya a bayansa, da hon ɗin manyan motoci.

"Mahaifinki ya san abin da kika aiko min?"

"Bai sani ba."

"To ki yi sauri ki riga ni gaya masa. Na riga na taso tun asuba, kuma ba zan juya ba. Na ce wa dattijo zan zo gidansa ranar Asabar, zan zo. Abin da zan faɗa in na zauna ne ban yanke ba tukuna."